Amsar Baffa Kan Jerin Manyan Fina-finai Da Zuwa Sinima

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, ina fata kai da amarya kuna lafiya.

Ka ce abokan aikinka sun kawo jerin fina-finan da suka fi tara kuɗi a duniya, kowa yana ƙirga nawa ya kalla, kai kuma ka tarar 'yan kaɗan ka gani, su ma a waya ko a talabijin. Daga nan ka tambaye ni dalilin da ya sa gidanmu ke ƙyamar sinima, da kuma ko abin kunya ne ka kai iyalinka. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya.

Wannan jeri kuɗin tikiti yake ƙirgawa, ba idanun da suka kalla ba. Avatar na 2009 ne a sama, da kusan dala biliyan 2.9. Avengers: Endgame na 2019 yana biye da shi da kusan biliyan 2.8, sannan Avatar na biyu da Titanic na 1997, kowanne ya haura biliyan 2. Uku daga cikin huɗun nan mutum ɗaya ne ya ba da umarninsu, James Cameron. Amma ka lura, Avatar an sha mayar da shi sinima bayan fitowarsa ta farko, kuma tikitin da ake kallo da tabarau na musamman ya fi na kullum tsada. Ga kuma faɗuwar darajar kuɗi: idan aka yi lissafi da ita, wani tsohon fim na Amurka na 1939, Gone with the Wind, shi ke komawa kan gaba. A 2025 wani fim ɗin zane na ƙasar Sin, Ne Zha 2, ya haura biliyan 2, alhali kusan duk kuɗin a cikin ƙasar Sin aka tara su. Ka zaga Kano kaf ka ga mutum nawa suka san da shi. Saboda haka rashin kallon rabin jerin ba ƙauyanci ba ne. Jerin yana gaya maka inda gidajen sinima suke da yawa ne, da inda mutane ke da kuɗin shiga.

Mu kallonmu ta wata hanya ya biyo. Sinima ta farko a Kano, Rex, an buɗe ta a 1937, a wajen ganuwa, kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon, su ne suka riƙe harkar. Tun daga nan malamai ba su yi na'am da ita ba, saboda maganar hotuna da kuma irin wurin da aka ajiye ta, kusa da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Sai ga gobarar sinimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300. Ban riski wannan ba, amma na tashi ina jin labarin a bakin kakarka, kuma mutane da yawa a lokacin sun ɗauke ta a matsayin ishara. Da aka zo gina sinimar Palace a cikin birni kuwa, an kai ruwa rana.

Mu da muka yi samartaka a shekarun 1970 mun je, ba zan ɓoye maka ba. Akwai Plaza, akwai Orion, akwai Wapa. Yawancinsu ba rufi, don haka sai duhu ya yi ake farawa, a tashi dare ya raba. A cikin duhun nan akwai hayaƙin taba da abin da ya fi taba, akwai 'yan sane, akwai faɗan 'yan daba a bakin ƙofa wajen yankar tikiti. Wannan shi ne abin da iyayenmu suke gudu. Yaro ya fita bayan isha'i, ba a san da wa ya zauna ba, ya dawo ya makara sallar asuba. Mace mai mutunci kuwa ba ta taka wurin, domin ranar da aka gan ta a can sunanta ya ɓaci, har ya shafi aurenta da na ƙannenta. Idan ka ji an ce wa yaro ɗan sinima, ba yabo ba ne.

Abin da muka fi kallo ma ba na Amurka ba ne. Akwai kaboyi da Chanis, amma Indiya ce ta cinye yawancin ranakun mako. Mun ga kunya a ciki, da biyayyar iyaye, da auren dole, da talaka a gaban mai kuɗi, abubuwan da muka sani a gidajenmu. Mutanen da ba su jin kalma ɗaya ta yaren sun haddace waƙoƙin Mother India da Sholay. Babu jerin duniya da zai nuna maka wannan.

Iyayenka mata kuma ta talabijin kallo ya same su, sannan kaset ɗin bidiyo, sannan faifan CD. Gida ɗaya mai bidiyo, yaran layi duka suna tsakar gidansa. Ta haka Titanic ya shiga lungunanmu, shi ya sa a duk jerin nan shi ne wanda har tsofaffi suka san labarin jirginsa, ba tare da sisin kwabonsu ya shiga lissafin da abokanka ke karantawa ba. Fim ɗin Hausa ma da ya taso daga 1990 a kaset ya girma, don a kalla a ɗaka aka yi shi. Yau kuma ga fassarar Indiya da ake tura wa mutane a waya. Mu mutane ne masu kallo tare, a gida, babba yana iya cewa a kashe idan abin ya wuce gona da iri.

Game da kai iyalinka, ga ra'ayina. Sinimar yanzu da ke cikin manyan kantuna ta sha bamban da wadda na sani: ana kallo da rana, kowa da kujerarsa, akwai masu tsaro. Ban ga aibu ba miji ya tafi da matarsa wuri irin wannan. Sai dai ka fara binciken abin da ke cikin fim ɗin, domin yawan kuɗin da ya tara ba ya wanke shi, Titanic ɗin ma akwai wuraren da ba za ka so ku kalla a cikin jama'a ba. Ku zaɓi lokacin da ba zai ci muku salla ba, ku dawo gida kafin dare. Kada ka matsa mata idan ba ta so, wataƙila a gidansu an fi mu tsanani. Mahaifiyarka kuma ka faɗa mata da bakinka kafin ta ji a waje, ka bayyana mata yadda wurin yake, don ita har yanzu idan aka ce sinima, ta zamaninmu take gani. Idan ta nuna ba ta so, ka haƙura, ka nemo fim ɗin ku kalla a ɗakinku.

Ka gaishe min da amarya da mutanen gidan duka.

Baffanka.