Jarabawar AWS da mai sayar da tambayoyi

Jiya ka tare ni a bakin shago kana tambaya, wai me jarabawar AWS ta ƙunsa, wato dandalin nan na Amazon da ke ba da hayar kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai ta intanet, kuma ina ake samun "tambayoyin da za su fito". Na yi maka shiru ne don ka fama min tsohon gyambo. Zauna ka ji, kuma ka ajiye wayar nan.

Wadda ta dace da kai ita ce Cloud Practitioner, ta masu farawa. Tambaya 65 ce cikin minti 90, kuɗinta dala 100, sai ka sami maki 700 cikin 1000 ka tsallake. Tambaya 15 a ciki ba a ba su maki, amma ba wanda zai nuna maka su. Kashi 34 cikin ɗari kan kayan aikin dandalin ne, su EC2 (hayar kwamfuta) da S3 (ma'ajiyar fayiloli) da Lambda (gudanar da manhaja ba tare da ka riƙe kwamfuta ba). Tsaro ya ɗauki kashi 30, fahimtar tsarin kansa 24, lissafin kuɗi 12. Yadda ake buɗe asusu da yin rajista kuwa ba zan ɓata yawuna ba. In wannan ya gagare ka, koma gyaran caja.

A 2022 wani kamfanin kayan masarufi ya nemi mai mayar musu da bayanan sito kan AWS. Sharaɗinsu ɗaya, takardar Solutions Architect, wata jarabawar AWS ta masu tsara aiki a kan dandalin. Aikin a hannuna yake, shekara nawa ina yi, takarda ce kawai ba ni da ita. Girman kai ya hana ni zama in yi karatu kamar ɗan firamare. Sai ga wani mutum, har shagon nan ya zo, a kujerar da kake kai ya zauna, ya sha shayina, ya rantse da Allah yana da tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga masa naira dubu 40. Sati uku ina hadda kamar mai shirin sauka.

Ashe ranar 30 ga Agusta na shekarar an canza jarabawar daga tsohon zubi mai lamba SAA-C02 zuwa sabo, SAA-C03, an ƙara wa tsaro nauyi. Shi ya sani, tsohon kaya ya sauke min. Na zauna a Satumba, tambaya goman farko ban ga fuskar da na sani ba. Ana neman 720, ban kai ba. Dala 150 ta tafi, kuma doka ta ce sai bayan kwana 14 a sake. Kafin nan an ba wani yaro aikin, yaron da ni na koya masa ɗaure wayar intanet! Mutumin ya toshe lambata. Har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a, sahu yake canzawa. Ban yafe ba. Daga baya ma na gane da an kama ni da kayan nan, da AWS na iya soke takardar ko da na ci.

Ku yaran yanzu kun fi ni wannan cuta. Takarda kuke so ku liƙa a LinkedIn, hannu bai taɓa aikin ba.

Je shafin AWS ka sauke jagorar jarabawar Cloud Practitioner, kyauta ce, ka tabbata lambarta CLF-C02, kar wani ya ba ka ta da. Kafin ka kunna komai a asusunka, saka ƙararrawar kasafi, don na'urar da ka manta a kunne kuɗi take ci kana barci. Ka ƙirƙiri masu amfani da hannunka a IAM, sashen da ke raba izinin shiga asusu, ka hana su izini, ka ba su, ka ga abin da zai faru. Ka san iyakar abin da AWS ke tsarewa da abin da ke wuyanka, a nan tambayoyin suke yaudarar mutum. Ranar jarabawa cibiya za ka je. A gida in wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, kai ka jiyo. Sunan rajistarka ya zo daidai da na katin shaidarka.

Ranar Asabar zan tambaye ka bambancin Region da Availability Zone, sunayen da AWS ke kasa wuraren ajiye na'urorinsa da su. Yanzu tashi, kwamfutar Hajiya tun safe take jiranka.