Tambaya da Amsa: Ina son Linux, amma an ce Secure Boot ba zai bari ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi laftof HP tokumbo mai Windows 11, ina son sa Ubuntu kusa da ita saboda karatuna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai gyara ya ce dole sai an kashe Secure Boot. Haka ne?
Ɗalibi, Runjin Sambo

Amsa: Wa'alaikumus salam. Dakata tukuna, ɗan'uwa, kada ka taɓa komai. Secure Boot mai gadin ƙofa ne. Kafin babbar manhaja, wato Windows ko Linux, ta tashi, sai ya duba ko tana ɗauke da sa hannun da ya sani. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kwamfutoci ke zuwa da shi a kunne. Ubuntu da Fedora da Debian, waɗanda duk nau'o'in Linux ne, suna da wani ɗan fayil mai suna shim wanda Microsoft ta sa wa hannu, shi ke buɗe musu ƙofar. Saboda haka Ubuntu na hawa lafiya lau ba tare da an kashe komai ba, kuma barinsa a kunne ya fi maka alheri.

Abin da ya fi damun mu shi ne BitLocker, makullin da Windows ke rufe diski da shi. Da zarar an sauya saitin Secure Boot, Windows na iya tsayawa ta nemi lambobi 48, in babu su kuwa, babu kai babu fayilolinka. A tokumbo abin ya fi muni, don mai yiwuwa lambobin na can cikin asusun wanda ya riƙe ta a da. Ka buɗe Command Prompt a matsayin mai iko (Run as administrator), ka rubuta manage-bde -protectors -get C: sannan ka kwafe lambobin a takarda. Daga nan ka kashe BitLocker, ka jira ya gama warwarewa, ka kashe Fast Startup, saitin tashi da sauri na Windows, ka kwashe aikinka zuwa wani wuri.

Ka samo filash mai giga 8. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kai wajen giga 6, sai ka yi tanadin data. Ka ɗora shi a kan filash ɗin da manhajar Rufus, a cikinta ka zaɓi tsarin diski na GPT. A Disk Management na Windows ka rage wa Windows wuri domin Ubuntu ta samu. Ubuntu na son giga 25 aƙalla, mu dai 50 muke ba da shawara. Kada ka fara wannan aikin sai batir ya cika, domin in aka ɗauke wuta laftof ta mutu ana tsakiyar raba diski, asarar ba ƙarama ba ce. Ka kunna kana danna F9, ka zaɓi filash ɗin.

Wata rana in ka sa manhajar VirtualBox ko direban Wi-Fi na Broadcom a Ubuntu, za a ce ka zaɓi kalmar sirri. Da ka sake kunnawa, shuɗin allo zai fito. Ba lalacewa ba ce. Danna kowane maɓalli da sauri, ka bi Enroll MOK, Continue, Yes, ka rubuta kalmar, sai Reboot. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: su bari allon ya wuce, su dawo suna cewa Wi-Fi ya mutu. In ya wuce ka, buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der ka sake kunnawa.

Tambaya: Filash ɗin Linux da na daɗe ina aiki da shi a shago yanzu yana nuna "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation" a wasu kwamfutocin.
Mai gyara, Mabera

Amsa: Malam, filash ɗinka ƙalau yake, abin da ke kansa ne ya tsufa. A watan Agustan 2024 Microsoft ta fitar da sabuntawar da ta haramta tsofaffin shim masu ɓaraka, kwamfutoci da yawa da suka karɓe ta sai su ƙi su. Sauko da sabon fayil ka sake ɗorawa. In kuwa Linux ɗin da ke cikin kwamfutar ce ta ƙi tashi, kashe Secure Boot na ɗan lokaci, ka shiga ka rubuta sudo mokutil --set-sbat-policy delete, ka sake kunnawa, ka sabunta manhajar, sannan ka mayar da shi a kunne.

Tambaya: Sabuwar ThinkPad ɗina ta ƙi karɓar filash ɗin Fedora, alhali yana aiki a laftof ɗin ƙanena.
Malama, Arkilla

Amsa: Malama, wasu sababbin ThinkPad na zuwa da amincewa da sa hannun Windows kaɗai. Ki danna F1 lokacin kunnawa, ki shiga Security, sai Secure Boot, ki kunna Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA, ki adana da F10. Ki fara kwafe lambobin BitLocker kamar yadda muka faɗa wa ɗalibin nan. In BIOS ɗin, wato allon saitin da F1 ke buɗewa, ya nemi kalmar sirrin da ba ki sa ba, kada ki bari a ɓalle laftof ɗin da sunan cire ƙaramin batir, hakan ba ya goge wannan kalmar sirri a irin waɗannan laftof. Ki mayar wa wanda ya sayar miki, ya cire ko ya canza miki wata.