Girma ba ya sallama kafin ya shigo

Ɗan'uwa, ka ce shekararka 28, Baba ya rasu (Allah ya jiƙansa), yanzu kai ake nema idan shinkafa ta ƙare ko kuɗin makarantar ƙannenka ya taso, alhali a ranka yaro kake ji, shin da matsala? Babu matsala ko kaɗan. Kada ma ka zauna jiran ranar da za ka ji ka girma.

Ni ranar neman auren ƙanwata na gane. Dangin mijin suka zauna a zaure, aka ajiye goro da alewa, sai na ga duk ido ya dawo kaina. Na waiwaya ina neman babba, sai da Kawu ya taɓa min gwiwa ya ce, "Kai ne waliyyi, yi magana." Da daddare kuwa ina gidan kallon ƙwallo ina ihu kamar ɗan sakandare. Sharaɗi ɗaya dai, kada ka ɓoye wa Inna nawa kake samu. Ni na ɓoye don kunya, aka riƙa ɗora min hidimar da ta fi aljihuna, har na ci bashin rajistar jami'ar ƙanina, na yi wata bakwai ina biya.