Shin a rubuta "jami'a" ko "kwaleji"?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka rubuta "jami'a" a katin walimar ɗanka da ya kammala karatu a tsohuwar Politeknik ta Kumasi. Ya dace ƙwarai, domin tun shekarar 2016 dokar Gana ta mayar da ita jami'ar fasaha, kamar yadda aka yi wa takwararta ta Akara. Jami'a ita ce makarantar gaba da sakandare wadda take da ikon bayar da digiri da sunanta, irin Jami'ar Gana da ke Legon, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ta samu wannan matsayi a 1961.

Sai dai akwai sharaɗi guda. Kwalejojin horar da malamai sun fara karatun digiri tun 2018, amma digirin yana fitowa ne a ƙarƙashin jami'ar da kwalejin ke rataye da ita, saboda haka "kwaleji" ake ce musu har yanzu, ko da yake a zango mukan haɗa su duka mu ce "yunibasiti". Ni dai idan ina shirya irin wannan kati, nakan duba sunan da ke jikin hatimin takardar shaidar yaron kafin in kai wa mai bugawa.