Littafin ɗiyata: in buga shi a takarda ko in bi hanyar marubuciyar Samowa?

Tambaya: Ina da shagon kayan karatu. Ɗiyata ta rubuta labarin matasa da Turanci, tana ta ba ni labarin wata marubuciya 'yar Samowa, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, da ta buga nata da kanta ta yi suna. In zuba jarina in buga kwafi dubu?

Amsa: Hajiya, kada ki taɓa jarin shago tukuna. Wadda ɗiyarki take nufi ita ce Lani Wendt Young, kuma a intanet ta fitar da labarin da ya yi mata suna.

Haifaffiyar Apiya ce, babban birnin Samowa, ta kuma koyar da Turanci a makarantar sakandare. A 2010 ta fitar da littafi kan igiyar teku ta tsunami da ta afka wa ƙasarta ranar 29 ga Satumba, 2009. A 2011 ta ɗora littafinta Telesā da kanta a Amazon, babbar kasuwar intanet, labarin wata budurwa, Leila, da ta taso a Amurka ta koma Samowa neman asalinta. Kashi na biyu na labarin ya fito a 2012, na uku a 2013. Nan ribar take: wanda ya gama na farko shi zai nemi na biyu, ba sai an sake kashe kuɗin talla a kansa ba. Kuma mutanen Samowa duka ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba, don haka kasuwarta ta haɗa da 'yan ƙasar mazauna Niyu Zilan, Ostireliya da Amurka, masu katin banki da ƙishin ganin gida a cikin labari. Ɗiyarki ta fara sanin su wa za su sayi nata.

Ga lissafin Amazon. Ɗora littafi kyauta ne. Idan farashin na karantawa a waya yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, marubuci na samun kashi 70 cikin ɗari. Ƙasa da haka, kashi 35. A dala 3.99 za ta samu kusan 2.79, a cire ɗan kuɗin sauke fayil. To amma Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana yanke kashi 30 daga cinikin Amurka, ya rage kusan dala 1.95. Sannan kashi 70 ɗin na wasu ƙasashe ne kawai, mai saye daga Najeriya yana faɗawa kashi 35. Kuɗin ma sai bayan kwana 60 da ƙarewar wata suke shigowa, don haka ba kuɗin juya kaya ba ne.

Abin da ya cancanci kuɗinki biyu ne: mai gyaran rubutu da mai zanen bango. A waya bangon bai fi ɗan yatsa girma ba, idan sunan littafin bai karantu a haka ba, wucewa ake yi.

Na takarda kuwa, ki buga kwafi 50 zuwa 100 ki jera kusa da teburin karɓar kuɗi, ki riƙa rubuta abin da ya fita kowane mako. Kowane kwafi zai fi tsada a haka, na yarda, amma ya fi kwali tara a bayan shago damina na cinye su. Idan suka ƙare cikin wata uku, kuma ɗiyarki ta yi nisa da rubuta na biyu, sai ki koma wurin mai ɗab'i da ciniki a hannu ki nemi ragi.