Lambar tafiya daban, jirgi daban

Jiya da yamma ka tare ni da tambaya, ka ce: "Maigida, fasinja ya zo da tikitin mako mai zuwa, yana so ya san ainihin jirgin da zai hau. Me zan ce masa?" Na ga kana nuna mini lambar tafiya a kwamfuta kamar ita ce amsar. To, ba ita ba ce, yaro.

Lambar da ke kan tikiti sunan tafiya ce kawai: daga wuri kaza zuwa wuri kaza, ƙarfe kaza. Yau wannan jirgi ya ɗauke ta, gobe wancan. Abu uku ne sababbin shiga ke cakuɗawa: lambar tafiya, nau'in jirgi, da jirgin kansa mai lambar rajista a jikinsa daf da wutsiya.

Nau'in ba wuya. Tun da watanni kamfani ke sa shi a jadawali, don shekarar jirage kashi biyu ce, ɗaya ta kama daga Lahadin ƙarshen Maris, ɗaya daga Lahadin ƙarshen Oktoba. In ka ga 738, Boeing 737-800 ke nan, 77W kuwa 777-300ER. Wannan kana iya gaya wa fasinja, amma ka ce masa abin da aka tsara ke nan. Sai dai ka karanta tikitin har ƙasa. Sau da yawa wanda ya sayar da kujera ba shi zai tashi da jirgin ba, abokin haɗin gwiwarsa ne, ko ma jirgin haya ne da matuƙansa.

Ainihin jirgin shi ne inda gizo ke saƙar. Kowane jirgi da rajistarsa, haruffan farko na ƙasa ne: N Amurka, G Ingila, D Jamus, ET Habasha. Ofishin kula da zirga-zirga na kamfani ba ya liƙa rajista ga tafiya sai ana saura 'yan kwanaki, kuma ko a lokacin, ka ɗauka da fensir aka rubuta. Wani jirgin awanninsa sun cika, dole ya shiga rumfar gyara. Wani kuma, injiniya ya haska masa tocila da asuba ya ga ɗigon mai a ƙarƙashin inji. Wani jirgin kuma tsuntsu ya buge shi wajen sauka. Akwai ma matsalar da ba ta hana jirgi tashi amma ta hana shi tsallaka teku, sai a ba shi gajeruwar hanya, a janyo ɗan'uwansa ya ɗauki doguwar. Jirgi ɗaya ya motsa, biyar sun motsa a bayansa.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce duba mai shigowa. In filin da kake ba gidan kamfanin ba ne, wato babban filin da jiragensa ke zama, galibi jirgi ɗaya suke turowa, wanda ya kawo mutane shi zai kwashi masu komawa. Buɗe Flightradar24 ko FlightAware, shafukan intanet masu bin sawun jirage, ka nemi tafiyar da ke zuwa. Jirage suna watsa bayanansu da kansu ta na'urar ADS-B, don haka da zarar ya ɗaga za ka ga rajistarsa. A gidan kamfani kuwa, inda jirage ke jere birjik, dabarar nan ba ta da ƙarfi. Can sai dai ka duba tarihin kwanakin baya ka ga waɗanda suka saba hanyar, ka yi kintace.

Ina sabon shiga kamarka, a wani kamfani, na taɓa raba kujeru bisa rajistar da na gani da dare. Da safe aka sauya jirgi. Nau'i ɗaya ne sak, amma shimfiɗar kujerun daban, layin ƙarshe babu shi sam. Mutum shida a tsaye da katin shiga a hannu, suna kallona, ni kuma gumi har cikin takalmi. Maigidana bai ce uffan ba, ya miƙo mini takardar shirin tashi, ya ɗora yatsa a kan rajistar.

Shi fasinjan naka, ka ba shi nau'in yau. Rajistar kuma ka ce ya kira ka ranar tafiya, bayan mai shigowa ya tashi.