Wurin fakin na masu yara a kantunan Ingila: wa ya cancanci shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Birmingham nake zaune, ban daɗe da fara tuƙi a ƙasar nan ba. A babban kantin da nake cefane akwai wuraren fakin da aka zana hoton babba riƙe da yaro, wasu kuma keken jariri. Ran nan na tsaya a ɗaya ni da ɗana mai shekara goma, sai ga wata mata ta tare ni tana ta masifa, wai na ƙwace wa masu jarirai wuri. Maigidana kuma ko shi kaɗai ne yakan shiga, ya ce ai akwai kujerar yaro a motar, ba mai ce masa uffan. Ga ƙanwata da tsohon ciki, ga surukata da ciwon gwiwa. Don Allah wa doka ta ba wurin nan? Kuma ana cin tara a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Mutum huɗu kika kawo mini, kuma kowa hukuncinsa daban. Amma bari mu fara da maganar doka, tunda ita kika fi tambaya.

Babu wata doka ta majalisar dokokin Birtaniya da ta ware wa iyaye wurin fakin. Filin da ke gaban Tesco ko Asda ko Sainsbury's ko Morrisons ba titin gwamnati ba ne, na kantin ne ko na wanda ya ba shi haya. Kamar zauren gidan mutum yake, mai gida ke faɗin inda za a cire takalmi. Shi ya sa ɗan sanda ba zai zo miki a kan wannan ba, kuma ba za a sa miki maki a lasisi ba. Abin da ke ɗaure ki shi ne allon da aka kafa a bakin shiga da wanda ke kusa da wuraren. Da zarar kin shigo kin ajiye mota, ana ɗauka kin karanta kin amince da sharuɗɗan da ke rubuce. To sharaɗin nan ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wanda aka fi gani shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara 12, amma akwai wuraren da suka rage shekarun, akwai kuma waɗanda ba su rubuta komai ba sai zane a ƙasa. Don haka ki saba da ɗaga kai ki karanta allon kafin ki kashe mota.

Abin da yawancin masu rigima a kan wuraren nan ba su lura da shi ba, har da masu yaran kansu, shi ne dalilin yin su. Mutane sun ɗauka gata ne aka yi wa iyaye don kada su yi tafiya mai nisa. A'a, faɗi ne ake ba su. Wurin fakin na yau da kullum a ƙasar nan faɗinsa kusan mita 2.4 ne, tsawonsa mita 4.8, kuma an daɗe a kan wannan awon alhali motoci sai ƙara ƙiba suke yi. Motar iyali ta yanzu, idan aka haɗa da madubai, takan kai mita biyu ko ta ɗara. Ki lissafa abin da ya rage tsakaninki da motar da ke gefe. Babban mutum zai iya buɗe ƙofa kaɗan, ya matse ciki, ya zame ya fita. Mai jariri ba ta da wannan dabarar. Kujerar jariri mai hannu, wadda ake cirowa gaba ɗaya da yaron a ciki, ba ta fita sai an wangale ƙofa har ƙarshe. Ɗan shekara biyu kuma sai kin sunkuya rabin jikinki a cikin mota, kin nemo bel ɗin da ya zauna a kai, kin zura masa hannu ɗaya yana fizge ɗayan, ga rigar sanyi ta kumbura shi, ga wansa yana ja miki hijabi yana son ya ruga. Duk wannan a tsaye ake yin sa a gefen mota, ƙofa a buɗe.

Idan babu faɗin me ke faruwa? Uwa ta fito daga kanti ta tarar an matse ta dama da hagu. Sai ta ajiye jaririn a cikin keken kaya ko a ƙasa, ta shiga ta ja motar baya, ta fito ta ɗauke shi, a tsakiyar hanyar da motoci ke kai da kawo, inda mai ja da baya ba ya ganin abin da bai kai tsayin but ɗinsa ba. Wannan haɗarin ake gudu. Kusancin da ƙofar kanti ƙari ne kawai, don kada yara su ratsa fili. Ni da za a bi shawarata, da an kai wuraren can gefe an yi musu hanyar ƙafa mai shinge, da rabin masu kutse sun daina, don ba faɗin suke so ba, ƙyuyar tafiya ce.

To mu dawo kan ɗanki. Idan allon ya ce ƙasa da shekara 12, ba ki karya komai ba, kuma matar nan ba ta da ikon tare ki. Shekarun ma sun yi daidai da dokar kujerar yara: dole yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman har ya cika shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Ɗan shekara goma da bai kai tsayin ba yana nan cikin masu kujera. Sai dai ki tambayi kanki abu ɗaya: shi ke kwance bel ɗinsa, ya buɗe ƙofa, ya sauka, ya tsaya ya jira ki? Idan haka ne, ba kya buƙatar faɗin. Ranar Talata da safe, wurare biyar a buɗe, shiga abinki. Ranar Asabar da rana, saura guda ɗaya, ga mota a bayanki da kujerar jariri, ni dai zan ce ki wuce. Ƙa'ida ta ba ki, amma akwai wadda ta fi ki buƙata. Idan kuma wani ya sake tare ki, kada ki tsaya cacar baki a fili yaro yana kallo. Ki nuna masa allon, ko ki ce ya je ya yi magana da ma'aikatan kanti, ki yi gaba.

Maigida kuwa, a gaya masa da lallashi amma a gaya masa gaskiya: ba shi da hujja. Ba don kujera aka ware wurin ba, don yaron da ake cirowa daga cikinta ne. Kujera babu kowa a kanta ba ta buƙatar a wangale mata ƙofa. Haka nan wanda ya zo da iyali, amma matar da yara suka zauna a mota shi ya shiga sayen burodi da madara. Yara suna cikin motar, gaskiya ne, amma ba wanda zai sauka, don haka wurin kowa da kowa ya ishe shi. Inda zan ba shi gaskiya wuri ɗaya ne: idan ya zo shi kaɗai don ya ɗauke ku, ke da jariri kuna ciki kuna biyan kuɗi. Nan za a saka yaro a mota, buƙatar ta tabbata, ko da yake mai duba fili da ya gan shi ya fito shi kaɗai zai iya rubuta masa takarda, sai ya yi bayani daga baya. Wannan ma ya isa ya sa mu rage saurin yanke wa mutane hukunci idan mun ga namiji ya fito daga mota ba yaro. Kuma uba da kaka da inna da mai reno duk ɗaya ne a wannan wuri, yaron ake dubawa, ba wanda ya haife shi ba.

Na ƙanwarki ya fi wuya, don yawancin alluna ba su ambaci mai ciki ba. A Italiya sun raba gardama, tun 2021 dokar hanyarsu ta amince da wuraren fakin na musamman ga mata masu ciki da iyayen yaran da ba su wuce shekara biyu ba, da takardar izini daga ƙaramar hukuma. A nan babu irin wannan, kowane kanti da yadda yake kallon abin. Ra'ayina shi ne mace mai ciki wata takwas ta fi ɗan shekara goma buƙatar ƙofa a wangale nesa ba kusa ba, kuma da wuya ki ga ma'aikacin da zai kore ta. Amma kada ta dogara da tausayi. Ta je teburin kula da masu sayayya a kantin da ta saba zuwa, ta tambaya ko sun yarda, ta riƙe sunan wanda ya amsa mata. Idan takarda ta zo daga baya, tana da abin faɗa.

Surukarki ba nan ne wurinta ba. Idan ciwon gwiwar ya kai ga tafiya tana yi mata wahala sosai, ku nema mata katin Blue Badge, wanda ke ba masu lalura damar fakin a wuraren da aka ware musu, ta hannun ƙaramar hukumarku. A Ingila kuɗinsa ba ya wuce fam 10, kuma yakan yi har shekara uku. Ba sai tana tuƙi ba, katin nata ne, yana bin ta duk motar da ta shiga. Kafin ya fito, ki sauke ta a bakin ƙofa, ki je ki yi fakin, ki dawo. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne kada wuraren yara su cika ki ce bari in ɗan shiga na masu lalura minti biyar. Waɗannan an fi sa musu ido, kuma dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa masu kantuna nauyin sauƙaƙa wa masu lalura, abin da ba ta yi wa mai yara don yana da yara kawai ba. Tun watan Agustan 2019 kuma ana ba da katin a Ingila ga masu lalurar da ba a gani da ido, irin su galahanga. Kina iya ganin saurayi ɗan shekara 14 ya sauka garau, alhali uwarsa ta san idan ta sake shi taku biyu zai faɗa gaban mota.

Saura tara. E, ana ci, amma ba irin ta gwamnati ba. Kamfanin da kanti ya ɗauka ya kula da filin shi ke rubuta takardar, ko ya liƙa a gilashi ko ya aiko gida bayan ya karɓi adireshin mai motar daga DVLA, hukumar da ke rajistar motoci. A idon doka kuɗin karya yarjejeniya ne. Ƙa'idar ƙungiyoyin kamfanonin ta tsayar da shi kada ya wuce fam 100, da ragin aƙalla kashi 40 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 14. Ba su da ikon sa wa tayarki maƙala, an haramta wannan a filaye masu zaman kansu a Ingila da Wales tun 2012.

Za ki ji 'yan'uwa suna cewa a yaga takardar a zubar, ai ba ta gwamnati ba ce. Wannan tsohuwar shawara ce, kada ki bi. Dokar da ta hana maƙala ita ce ta ba kamfanonin damar bin wanda motar ke da rajista da sunansa idan ba a faɗi direba ba. Sannan a 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar ParkingEye, wani kamfanin kula da filayen fakin, da wani mai shagon kifi da dankali, Barry Beavis, wanda ya wuce awa biyun da aka ba shi kyauta da minti 56 a wani fili a Chelmsford. Ya ce fam 85 zalunci ne, kotu ta ce ya biya, tunda allunan a fili suke. Wanda ya yi kunnen uwar shegu har aka kai shi kotun gunduma aka yanke masa hukunci, idan bai biya cikin wata guda ba, abin yana zama a tarihin bashinsa shekara shida, kuma yana iya tare masa hanya ranar neman gidan haya ko rancen gida.

Abin da ya sa maigida bai taɓa gamuwa da masu rubuta takardar ba shi ne yawancin filayen kyamara ce ke gadinsu, ita kuma lambar mota take karantawa a shiga da fita, ba ta san wanda ke kujerar baya ba. Sai ranar da aka turo mai zagayawa da ƙafa.

Idan takarda ta same ki alhali kina tare da yaro, kada ki yi saurin biya, don biya yakan rufe ƙofar ƙorafi. Ki ɗauki hoton allon da na wurin da kika tsaya, ki ajiye rasit ɗin cefanen ranar, ki fara zuwa wajen manajan kantin, sau da yawa yana iya sa a soke. In bai yi ba, ki rubuta wa kamfanin ƙorafi cikin kwana 28, ki faɗi shekarun yaron da abin da allon ya ce. Idan sun ƙi, za su nuna miki inda za ki ɗaukaka: ɗaya daga cikin ofisoshi biyu masu sauraron irin wannan ƙara, wato POPLA ko IAS, gwargwadon ƙungiyar kamfanonin fakin da kamfanin yake ciki, POPLA ga 'yan ƙungiyar BPA, IAS ga na IPC. Ki sani dai idan kin kai can kika faɗi, ragin kwana 14 ya wuce ki, cikakken kuɗin za ki biya.